Shekarar da Na Ari Sunan Kawu Tanko

Ku huɗun nan kun taso kuna jin labari ɗaya daga bakina, wai wani kamfanin tura saƙon waya ne ya cuce ni a shekarar da Kawu Tanko ya rasu. Na faɗa muku a gida, na faɗa wa direbobi a tasha, na maimaita har ni kaina na kusa yarda. To yanzu da likita ya hana ni gishiri, ya hana ni doguwar tafiya, bari ni ma in hana kaina wannan ƙaryar. Babu kamfanin da ya cuce ni. Abin da na ce a yi, shi aka yi, ba ƙari ba ragi.

Hadiza ce kawai a cikinku ta yi wayo da Kawu sosai, don haka bari in gaya wa sauran ko wane ne. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni a Maamobi tun ina yawo ba wando. Sana'arsa wankin hula, a wata 'yar rumfa bakin babban kwalbatin Nima. Amma aikin da duk Ankara ta san shi da shi, Ankara wato Akra taku ta 'yan boko, shi ne sanarwar mutuwa. Kun san mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya cika da safe, la'asar ta same shi a makwancinsa. Duk wanda bai ji da wuri ba, ya rasa jana'iza ke nan har abada. Shekara da shekaru Kawu ke hawa wani tsohon keke, ya bi Nima, ya bi Alajo da Kotobabi, ƙofa ƙofa, ya yi sallama ya faɗi sunan wanda ya tafi. Ba a biyansa. In an ba shi goro ya karɓa, in ba a ba shi ba ya ciro nasa ya ba masu gida. Da ɗakuna suka yi wuya a unguwa, mutanenmu suka watse, wasu Kasoa, wasu Ashaiman, wasu Madina, keke ya kasa. Lasifikar masallaci kuwa ba ta wuce layi uku. Sai ƙungiyarmu ta zaman makoki ta kwashi lambobin wayar jama'a ta kai wani ƙaramin ofis a Kokomlemle, inda ake tura saƙo ɗaya ya shiga waya ɗaruruwa a lokaci guda. A saman kowane saƙo, inda sunan mai aikowa yake fitowa, aka sa kalma ɗaya: Tanko.

Ku ba ku ga yadda ake karɓar wannan saƙon ba. In waya ta yi ƙara mutum ya ga Tanko, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye. Mata su ja mayafi su rufe kai tun kafin a buɗe. Tsofaffin da ba su iya karatu ba su ɗauki 'yar wayarsu, irin mai maɓallan nan da kuke ce wa doya, su fita neman mai karanta musu. Ba a taɓa tura komai da sunan nan ba sai mutuwa. Ko bikin aure, ko suna, ko taron Mauludi, Kawu ya hana.

Ni a lokacin ina kan hanya. Kotonu, Legas, Kano, Yamai, Wagadugu, har Bamako na kai, ina sayo shadda da leshi da turare. Na kwana a kan buhunan albasa, na ci abin da har yau ban san sunansa ba, na koyi zagi a harshe bakwai da gaisuwa a huɗu. Da bayana ya ce ya gaji, na dawo na buɗe shago a Maamobi. Shekarar ce idon Kawu ya fara dushewa, sai ƙungiya ta naɗa ni sakatare. Ranar da ya miƙo mini littafin sunayen da hatimin ƙungiya, ya riƙe hannuna ya ce:

"Sani, kowane suna a nan sai da na zauna a tabarmar mai shi kafin ya ba ni lambarsa. Kada ka tashe su sai da dalili."

Na ce, "Haba Kawu, kamar ba kai ka raine ni ba."

Ya ce, "Ai don ni na raine ka nake faɗa."

Shekarar da nake ba ku labari, kasuwa ta kwanta mini. Yara masu sayar da kaya ta waya sun kwashe 'yan mata da zawarawa, sun bar ni da ƙudaje da wani tsoho mai zuwa kullum ya shinshina turare ya tafi. Azumi ya kama, shadda jibge har rufi, ba mai tayawa. Kowa na cewa in yi talla ta saƙon waya. Sai na ɗauki littafin Kawu na sa a jaka, na hau motar haya, wato trotro, zuwa Kokomlemle.

Mai ofishin, Sista Abiba, 'yar Alajo ce, doguwa mai tabarau, ita ke tura mana saƙon mutuwa tun farko. Na zauna na yi mata bayani, ina murmushi kamar mai neman aure. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Bra Sani, lambobin nan na mutuwa ne fa."

"Sista, masu rai ne ke riƙe da wayoyin. Masu rai kuma suna ɗinkin Sallah."

"Sun ba ka lamba don ka gaya musu wa ya rasu. Wa ya ce maka yana son jin labarin leshi?"

Ta ce za ta yi mini aiki, amma ta hanyarta. Za ta nema wa shagona sunansa daban, a yi masa rajista, abin zai ɗauki kwanaki. In ajiye sabon littafi a shago, duk wanda ya zo sayayya ya yarda, ya rubuta lambarsa da hannunsa. Kowane saƙo kuma a sa yadda mutum zai ce a daina turo masa. Na ce mata in haka ne, kafin Sallah mutum uku zan samu: ni, da mamanku, da mai kokon ƙofar shago. Ta yi dariya, amma ba ta sauya magana ba.

"Sunan Baba Tanko dai ba zan taɓa shi ba. Ko kai ka zo, ko Ciyaman na ƙungiya ya zo."

Na fito ina cewa yarinyar nan ta cika iyayi. Kwana biyu na yi ina zagaya ofisoshi kamar mai neman takardar fita waje. Wani ya ce saƙonsa da lambar wata ƙasa yake fitowa, na ce mutanena za su ɗauka 'yan damfara ne. Wani ya ce sai na iya kwamfuta da kaina, na ce a gaishe shi. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani bene a Adabraka. Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa, da wani saurayi mai jan nakatayi wanda tun daga ƙofa ya fara kirana Ciyaman. Ni da ko layin alwala ba a taɓa sa ni gaba ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai yi mini komai ba sai abin da na roƙa. Ya juya littafin Kawu shafi shafi yana lissafa sunaye da ido, sannan ya yi mini tambaya ɗaya, cikin Turancinsa mai gauraye da yaren Tuwi:

"Ciyaman, wane suna ne in suka gani ba sa iya barin saƙon ba su buɗe ba?"

Na san amsar. Na kuma san bai kamata ta fito daga bakina ba. Ta fito.

Ya ce abu mai sauƙi ne, takarda kawai yake so mai hatimin ƙungiya, wadda ta ce an yarda a yi amfani da sunan. Hatimin yana cikin jakata. A kan teburinsa na rubuta, na buga, na sa hannu. Ya ce ba sai na riƙa wahalar zuwa ba, zai saita kwamfuta ta riƙa turawa da kanta, Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe biyar na yamma lokacin da mutane ke tashi daga aiki, har bayan babbar Sallah. A trotro ina dawowa na auna su biyun. Abiba ta tambaye ni inda na samo lambobin. Shi kuwa guda nawa ne kawai ya tambaya. Na ce wa kaina wannan shi ne ɗan kasuwa na gaskiya. Na yi yawon ƙasa goma, an sayar mini da jabun turare a Kotonu na gane tun kafin a buɗe kwalba, amma ranar nan hancina bai ji komai ba.

Mamanku na tankaɗen garin kunu na gaya mata. Ba ta ɗago kai ba.

"Baban Hadiza, Kawu ya sani?"

"Zan gaya masa."

"Kafin ko bayan?"

Na ce mata ta bar harkar kasuwa ga masu kasuwa. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Litinin ƙarfe biyar saƙo ya tafi. Daga Kasoa har Ashaiman mutane da bakin azumi suka ajiye abin da ke hannunsu, suka ja salati, suka buɗe, suka tarar da garaɓasar shadda da leshi a shagon Sani na Maamobi. Wata Hajiya a Madina, mijinta na kwance a asibiti a lokacin, an ce tukunyar miya ce a hannunta, ta sake ta a kan ƙafarta. Washegari shagona ya cika. Wasu sun zo zagi, wasu sun zo tsiya.

"Sakatare, wa ya rasu?"

"Farashi ne ya rasu, Alhaji. Shigo ka yi ta'aziyya."

Aka yi ta dariya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne dabarar ta yi aiki. Wanda ya zo zagina sai ya shafa shadda ya ce a yanka masa yadi biyar. Da ta ƙi aiki tun ranar farko, da na tsira.

Sai da aka kwana shida kafin na iya zuwa gaban Kawu. Na same shi bayan la'asar a tsakar gida, yana laluben wata hula yana ɗora ta a kan gungumen da ake busar da ita. Matarsa Mma Ladi na gefe tana gyaran wake. Gaisuwata ma ba ta amsa ba.

Kawu ya ce, "Sani ne? An ce na fara sayar da leshi."

Na sunkuyar da kai.

"Mai kyau ne dai ko? Kada a ce Tanko ya tsufa yana tallar mai zuba."

Mma Ladi ta ce, "Wasa ma kake yi da shi? Mutum ya ɗauki sunanka ya kai kasuwa kamar akuya!"

Ya ɗaga mata hannu. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Yaushe za ka dawo mini da shi?"

"Bayan Sallah, Kawu."

"Wace Sallar?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da ya zage ni, da ya kira Ciyaman na ƙungiya a karɓe littafin, wataƙila da na ji tsoro. Amma Kawu bai iya tozarta mutum ba, ni kuma na jingina da wannan halin nasa kamar yadda ake jingina da bango. Ƙaramar Sallah ta wuce, na ce ai saura babba, wata biyu ne kawai. Zuwa Adabraka daga shagona bai kai tafiyar awa ɗaya ba ko da cunkoso. Ni da na je Bamako a bayan motar shanu, na kasa zuwa Adabraka.

A tsakanin Sallolin nan wani dattijo mai gyaran rediyo ya rasu a Alajo. Abiba ta tura sanarwa kamar kullum. Jama'a ba su zo yadda aka saba ba. Da yamma ta kira ni.

"Bra Sani, ka ga jana'izar yau?"

"Ruwan sama ne, Sista."

"An yi ruwa bara ma. Mutane sun daina buɗe Tanko. Wasu sun sa an toshe musu shi. Kowane mako talla uku, wa zai ci gaba da tsorata?"

Na ce zan duba. Ban duba ba.

Kawu ya cika ranar Laraba da hantsi, saura kwana goma layya. Bai yi jinya ba. Ya sha kokonsa, ya ce kansa na juyawa, ya kwanta. Ni na kira Abiba da bakina na faɗa mata abin da za ta rubuta, ta maimaita mini. Ta tura kafin azahar. Daga nan ban sake bi ta kan waya ba, ina neman likkafani, ina neman takardar izinin binnewa, ina maƙabarta wurin masu haƙa. Zuciyata a kwance take cewa yau Maamobi ba za ta ɗauki mutane ba. Har na sa aka aro benci daga makarantar Islamiyya, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Wannan fa mutumin da babu gidan da bai shiga da labarin mutuwa ba, babu makarar da bai sa kafaɗa ba.

La'asar ta yi. Maƙwabta sun zo, waɗanda suka ji lasifika. Samarin da suka gani a wayoyinsu na zamani sun zo. Liman ya duba baya, ya duba agogo, ya ce a ƙara jira kaɗan ko mutanen nesa suna hanya. Muka jira. Ina tsaye ina kallon bakin layi, duk trotro da ta tsaya sai in ce su ne. Ba su ba ne. Tsaransa, abokan tafiyarsa, tsofaffin Kasoa da Ashaiman da Madina da suka ba shi lambarsu a kan tabarma, ko mutum biyar ba a gani ba. Sahu biyu aka yi da ɗan guntu. Tabarmin bakin titi, awaki ne suka kwanta a kai.

Muna maƙabarta, an sa shi, an fara mayar da ƙasa, liman na addu'a, sai wayoyi suka fara ƙara a aljihu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe biyar ta yi. Wani na kusa da ni ya ciro tasa ya duba, ya dube ni, ya juyo mini da fuskar wayar. Tanko ne, yana sanar da jama'a cewa sabon leshi ya sauka, a hanzarta kafin ya ƙare. Na so a ce wani ya mare ni.

Washegari na je Adabraka. Saurayin ya ce sannu Ciyaman, ya danna abu ɗaya, ya ce shi ke nan an tsayar. Ban ko zauna ba aka gama. Ƙungiya ta karɓi littafi da hatimi, ba da faɗa ba, Ciyaman na gaske ya aiko a karɓa. Sun sauya sunan da ke fitowa a saman saƙo har sau biyu tun daga lokacin, amma mutane ba su ƙara ajiye loma don saƙo ba. Mma Ladi kuwa har ta koma ga Allah ba ta ƙara taka ƙofar shagona ba. Kun sha tambayata dalili, ina ce muku tsufa ne.

Ranar addu'ar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga wani tsoho ya shigo layi yana dogara sanda, da baƙar leda a hannu. Baba Seidu ne, Badagombe daga arewacin Gana, tsohon mai gadi da ya koma Ashaiman wurin 'yarsa. Shi da Kawu tare suka yi samartaka, kuma duk unguwa an san alkawarinsu, wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai wanke shi. Kowace shekara kafin layya yakan kawo hulunansa a wanke masa, su wuni suna tsokanar juna. Ya tsaya ya dubi bencuna, ya dubi mutane, ya dubi buhun shinkafar sadaka. Ya ce da ƙarfi, irin na mai nauyin kunne:

"A'a! Wa ya rasu a gidan Tanko, Tanko bai gaya mini ba?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule, inda take zaman takaba, muryar Mma Ladi ta fito:

"Sani, kai ne mai sanarwa. Gaya masa."

Na tashi na kama hannunsa na zaunar da shi, na gaya masa. Bai yi kuka ba. Sai ya ce:

"Wa ya wanke shi?"

Na faɗi sunan wanda ya yi.

"Bai san yana da ciwo a kafaɗar hagu ba. Da a hankali ake juya shi."

Ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa. Ya ce shi bai iya karatu ba, mai shagon bakin titinsu ke karanta masa, kuma daga ɗakinsa zuwa can sai ya huta sau biyu saboda gwiwa. Sau bakwai yana zuwa, gabansa na faɗuwa, ana ce masa shadda ce. Daga na bakwai ya daina zuwa. Ya miƙo mini wayar.

"Duba mini. Ya aiko?"

Na duba. Yana nan, ba a buɗe ba, tsakanin tallar Litinin da tallar Laraba.

"Ya aiko, Baba."

"Karanta."

Na fara karanta na tsakiyan. Ya ɗaga sanda ya tsayar da ni.

"Duka ukun. Yadda suka zo."

A gaban liman, da maƙwabta, da mamanku da ke tsaye bakin ƙofa da tire a hannu, na karanta garaɓasar shadda. Na karanta rasuwar Malam Tanko mai wankin hula, jana'iza bayan la'asar a Maamobi. Na karanta sabon leshi ya sauka. Baba Seidu ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu, ya yunƙura ya tashi. An yi an yi ya tsaya ya ci abinci, ya ƙi. Har ya yi taku uku sai ya juyo, ya dubi ledar da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta, ya ɗora mini ita a cinya.

"Riƙe. Ban san wa zan kai wa ba."

Ita ce baƙar ledar da ke saman durowata, wadda nake hana ku taɓawa. Huluna uku ne a ciki. Har yau ba a wanke su ba.